Diflom Ɗin da Inna Ta Sa Aka Datse

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama. Na sha ɗaukar biro in ajiye, yau dai na daure zan fitar da abin da ke cina, ko wani ya tsira daga abin da na jawo wa kaina. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka san gidanmu a Gaya za su gane ni, kuma yanzu ban damu su gane ba.

A lokacin ni saurayi ne da ya gama karatun kontabilite, wato lissafin kuɗi, a Yamai, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. Ko ruwan sha zan nema a gida sai na sirka da Faransanci. Babanmu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya rasu a hanyar Kwatano tun ina ƙarami, Inna ce ta riƙe ni da yayata da bandar kifi. Da asuba tana bakin kogi tana jiran masunta, da hantsi tana gaban wuta, hayaƙi ya ci mata idanu har zare ba ta iya zurawa a allura. Ba ta taɓa shiga lakwal ta yi boko ba. Duk takarda mai rubutu da hannu biyu take karɓa, bayan ta goge hannun a zaninta.

Bayan gama karatu sai da na daɗe da atestasiyo, farar takardar shaida ta wucin gadi da ba ta fi ordonas ɗin sayen magani kwarjini ba. Kullum Inna sai ta tambaye ni yaushe babbar za ta zo. Dalili kuwa, ta je suna gidan maƙwabcinmu ɗan kasuwa, ta ga diflom ɗin ɗansu na wata makaranta a Kwatano rataye a falo. Faɗinsa ya kai faifai biyu, ga ruwan zinariya, ga jan kirtani, mata na shiga suna sa albarka. Tun ranar abin ya zauna mata a rai. Da tawa ta fito na je Yamai na mayar musu da atestasiyon, suka ba ni ita a ambulan. Takarda ce mai kauri, launin madara, da koren zane a zagaye, sunana da manyan baƙaƙe a tsakiya. Can ƙasa ga hatimi, ga sa hannu, ga lamba, ga wani ɗan siririn rubutu da ke cewa sau ɗaya ake bayarwa, babu na biyu.

Inna ta juya ta, ta sake juyawa, ta tambaye ni a hankali ko ragi aka yi mini, don ta ga ta maƙwabta ta ninka wannan. Na yi dariya har da buga ƙafa, na ce mata ba kifi ba ne da ake saye da girma. Ita ma ta yi dariya, ta ce to ko ƙarami ne ai nata ne. Ban tsaya na nuna mata mene ne mene a jiki ba, ban ce mata kar a taɓa ba. Na tura ambulan ƙarƙashin katifa, ko fotokofi ban yi ba, na tafi Yelu bikin wani abokina. Ga shi ana ta karɓar dosiye, wato takardun masu nema, na wani konkur, jarrabawar ɗaukar aiki da na sa rai a kai, amma na ce idan na dawo zan kai meri, ofishin magajin gari, a buga mini kwafi mai hatimi.

Da na dawo na tarar da ɗakin Inna cike da mata. An cire kalandar da ke saman kwanukanta, a gurbinta ga diflom ɗina cikin kadir, irin gidan gilashin da ake sa hoto, da furanni masu ruwan zinariya a gefe. Inna ta sha sabon zani, bakinta ya ƙi rufuwa. Ba zan yi ƙarya ba, da farko na ji daɗi. Sai da na matsa kusa na ga koren zanen ƙasa babu shi, hatimin rabi ne, lambar kuwa ta tafi gaba ɗaya. Yayata ce ta ba ni labari. Inna ta naɗe ambulan a mayafi ta haye gada zuwa kasuwar Malanbil. Mai gilashi ya nuna mata wani baƙin kadir da ya yi daidai, ta ce ba za ta sa wahalar ɗanta cikin abu mai kama da zaman makoki ba, mai furen take so. Shi kuwa mai furen ya yi kaɗan. Mutumin ya ce sai dai a rage takardar, ta nuna masa sunana ta ce muddin ba za a taɓa nan ba, ya rage. Ya sa reza ya datse.

Washegari na cire ta na kai meri. Ma'aikacin ya duba, ya girgiza kai, ya ce ba zai sa hannu a kan kwafin takardar da ba ta da lamba ba, in koma inda aka ba ni. Ranar rufe dosiye ta zo kusa, na san ba zan kai ba. Na dawo gida raina a ɓace, na sami Inna a gaban wuta tana juya kifi, ƴan aikinta na gefe. Abin da na faɗa mata har yau idan na tuna sai in ji kamar in haɗiye harshena. Na ce ta sa reza ta yanke mini shekarun karatuna don mata su yi mata guɗa. Na ce wanda bai san baƙi ba ina ruwansa da takarda, hannun da ya saba da ƙarnin kifi ya tsaya a kan kifi. Ta dai dubi tafin hannunta, ta goge a zani kamar yadda ta saba, ta ce in yi haƙuri, ba ta sani ba.

Ranar da zan koma Yamai ina zaune a mota a tasha, sai ga ta tana haki, ƙafafunta duk laka. Ta kwance bakin zani ta miƙo mini wani siririn yankin takarda ta taga. Ta ce ta koma wurin mai gilashi, ta tona sharar bayan rumfarsa, ta samo guntun, ga shuɗin tawadar nan a jiki, in kai su liƙa. Na duba. Gefen rasit ne na wani shagon taya. Na ce mata wannan ba nawa ba ne, ta daina wahalar da kanta tana ƙara ba ni kunya, na sake shi ya faɗi ƙasa. Mota na tashi na hango ta ta sunkuya ta ɗauka, tana hure masa ƙura.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, maganar takardar ba ta gagara ba. Na yi ta sintiri a ofisoshi, a ƙarshe makarantarmu ta rubuta mini shaidar cewa diflom ɗin nawa ne, da lambarsa. Konkur ɗin ya wuce ni, amma na sami aiki a wani kamfanin sufuri, har ya fi wancan. Duk da haka ban je gida ba. Da farko fushi ne, daga baya kunya ce, sai na lulluɓe ta da cewa aiki ya yi yawa. Ina aika saƙo, idan ta kira mu gaisa sama-sama in ce ina ofis. Kullum kafin ta ajiye waya sai ta tambaya ko an gyara takardar, ni kuma in ce ana kai, don wai ta ƙara jin nauyin abin da ta yi. Allah ya gani, kalma ɗaya ce ta rage in ce mata an gyara, na hana ta.

Cikin damina yayata ta kira ta ce Inna na kwance a gidan likita, ƙirji ya matsa mata. Ina hanya, mun wuce Doso kaɗan, ta sake kira. Ban same ta da rai ba. Bayan an watse daga zaman makoki na shiga ɗakinta, sai ga kadir ɗin nan a inda yake, babu komai ciki sai kwali, gilashin kuwa fes. Yayata ta ce kowace safiya sai ta goge shi. Idan mata suka tambaya ina takardar, sai ta ce an kai gyara, yaron zai dawo da ita. A cikin kwanon da take ajiye ƴan kunnenta muka sami yankunan takardu a ɗaure da zare, na kalanda, na rasit, na gefen hoton auren wasu. Ashe ba sau ɗaya ta koma Malanbil ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko a maƙabarta.

Na koma Yamai na ɗauko diflom ɗin daga ƙasan akwati, na kawo na mayar da shi cikin kadir. Ya shige daidai, ba ragi ba ƙari, sunana a tsakiyar furanninta, kamar yadda ta so. Yana nan a bangonta, ban kuma yarda a sauke shi ba.

Ƴan'uwana da kuka yi karatu, ku yi kwafin takardunku tun ranar da kuka karɓa, kada ku bari a yanke ko a liƙa musu komai. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Ku zauna da iyayenku ku nuna musu hatimi, ku nuna musu lamba, ku karanta musu sunanku da baki, domin da guminsu aka rubuta shi. Idan sun yi kuskure don murna, ku riƙe harshenku. Ni na sami ofishin da ya mayar mini da lambata. Inda zan je in gaya wa Inna cewa an gyara takardar ne har yau ban samu ba. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.