Telan da Ke Gane Gwaiwa a Wando

Kawuna tela ne, kuma duk layinmu babu wanda bai san bakinsa ba. In ka kawo masa yadi marar kyau a gaban mutane zai gaya maka. In ka yi ƙiba sai ya ce, "Ashe buɗi ya zo," yana ƙara inci biyu a takarda. Magana ɗaya ce ba ya wasa da ita, ita ce maganar wando.

Shekara tara ya yi yana ɓoye gwaiwa. Shi yake ɗinka wa kansa wando mai faɗin hantsa, ya ɗora doguwar riga ko ana zafi kamar me. Jiƙe-jiƙe kuwa ya sha har ya gode Allah. Sai da ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwarmu, wadda kowa ke kira Sista, ta gaya masa cewa sauro ne ke kawo ƙwayar cutar, irin wadda ke sa tundurmi a ƙafa, kuma aiki ake yi a rabu da ita. Ta rubuta masa takarda zuwa babban asibiti, aka yi masa aikin, kwana huɗu ya dawo gida. Har yau in ya tuna shekarun nan haushi yake ji, ni ma ina taya shi.

Wata rana wani kafinta, gwanin rufin gida, ya shigo shagon da yadi na wando uku. Lokacin ya daina hawa sama, yana gaya wa mutane wai jiri ke damunsa, har ya fara neman mai sayen zartonsa da sauran kayan aiki. Ga 'ya'ya biyar, ga shi ba shi da wata sana'a. Shi da kansa ya ba ni labarin abin da ya faru, don yanzu ba ya jin kunyar faɗa.

"Ba sai ka auna ni ba," in ji kafinta. "Ka dai yi su da faɗi."

Kawu ya dubi yadda ya tsaya a kaikaice, ƙafafu a ware. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Ƙanena, ni ma irin wandon nan na sa shekara tara. Ba jiri ke damunka ba."

Kafinta ya fizge yadinsa, ya ce ɗinki ya kawo ba duba ba, ya fice. Kawu ya yi mako guda yana cizon yatsa, yana cewa ya yi gaggawa. Ni kam na ce masa ya bar mutum da halinsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya harare ni, ya ce ai shi ya sa rufin ke faɗo wa mai ɗakin a ka.

Sai ya je wurin Sista. Ta ce ta san matsalar, maza ba sa son cire wando a gabanta, amma ranar Laraba abokin aikinta namiji yana nan. Ranar Laraba da sassafe Kawu ya rufe shago, ya je ƙofar gidan kafinta ya zauna a kan dakali. Bai yi sallama ba, bai aika kowa ba. Da kafinta ya fito, Kawu ya ce, "Rakiya na zo yi. In ba ka shirya ba, ina nan, ba sauri nake ba."

Sai da rana ta ɗaga sannan kafinta ya sa takalmi.

A asibitin, ma'aikacin ya saki labule, ya haska tocila ta bayan kumburin. Hasken ya ratsa, alamar ruwa ne a ciki. Ya ɗebi jini a ɗan yatsa, ya duba ƙafafunsa har tsakanin yatsu ko kumburi ya fara a can, bai fara ba. Ya ba shi magani, ya rubuta takardar da za ta kai shi wurin likitan tiyata.

"To, zan sake hawa sama?" kafinta ya tambaya.

"In ka je a kan lokaci, kuma ka yi hutun da aka ce ka yi, ban ga abin da zai hana ba."

Bayan wata uku ina wucewa ta wani sabon gini na ji ƙarar guduma. Na ɗaga kai, sai ga kafinta zaune a kan katakon rufi, ƙusoshi a baki. Daɗi ya kama ni har na tsaya a tsakiyar hanya kamar wata sakarya. Ya gan ni, ya cire ƙusoshin.

"'Yar tela, ki gaya wa kawunki akwai wani birkila a nan da ba ya iya tsugunawa. Na yi masa magana, ya zage ni tas." Ya gyara zama a kan katakon. "Laraba mai zuwa ina ƙofar gidansa."