Ɗan da Kubura Mai Kitso Ta Roƙo

Duk matar da ta yi ƙuruciya a unguwarmu ta Gwandu tun muna cikin jihar Sakkwato, kanta ya san hannun Kubura mai kitso. Ni Delu katanga ɗaya ta raba ni da ita, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

Doguwa ce, ga baki kamar reza. Ta haifi uku, ɗaya ta girma ta yi aure, biyu suka rasu bayan yaye, ciki a kumbure, gashi ya yi ja. Aka ce mata iska ce, ta yarda. Bayan farin nan na tamanin da huɗu, ma'aikatan lafiya suka tara ungozomomi suna koya musu abincin yara. Ba wanda ya gayyaci Kubura, ta ɗauki tabarmarta ta je ta zauna a gaba. Ranar ta ji sunan abin da ya cinye mata 'ya'ya, wai tamowa, ta kuma ji cewa gyaɗa da wake da kifi na korar ta.

Tun daga nan kitsonta ya zama makaranta. Kanki na kan cinyarta, gashinki na hannunta, ina za ki gudu? Sai kin ji yadda ake dama kunun gyaɗa da kauri, da dalilin da bai kamata a zubar da nonon farko ba. In kika ce ƙwai na sa yaro sata, ta ɗan ja gashin ta ce, "Ɓarayin garin ga duk ƙwai suka ci?" Ƙanenta Mamman masunci ne a Kalgo. Takan shiga mota ta je ta ɗebo ƙananan kifi busassu, ta daka, ta raba wa masu goyo. Wasu suka daina zuwa kitso saboda wa'azin, ita ko a jikinta.

Akwai wata yarinya Ruƙayyatu da ke kawo tallan nono daga wata ruga ta hanyar Masama. Wata rana tana auna wa Kubura, sai Kubura ta ga gaban rigarta a jiƙe, bayanta kuma ba goyo.

"Ɗiyata, ina mai nonon ga?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Nan muka gane ɗan fari ne. A wajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta goya shi, ba ta ba shi mama a idon mutane. Ita kuma kunyarta ta yi yawa, tana zaune gidan surukai, ido ko'ina.

Kubura ta ja ni muka bi ta rugar. Wallahi da na ga yaron sai da na yi salati. Sunansa Atiku, ya haura wata takwas, amma ko zama bai iya ba. Kakarsa Inno, uwar mahaifinsa, tana ɗura masa kunu tsararo. Ni da na so a yi ta ta ƙare, don raina ya ɓaci. Inno ta riga mu da cewa haka aka rene su, haka suka reni nasu, kuma ba ta ga wanda kunya ta kashe ba.

Na jira bakin Kubura ya tashi, sai na ga ta durƙusa. Ta yaba tarbiyyar gidan, ta yaba kunyar yarinyar, sannan ta ce, "Inno, roƙo na zo. Allah Ya karɓe mini biyu. Ki ba ni wanga riƙo, in ji ɗumin yaro a ɗakina."

Tsohuwa ta ce a jira ɗanta. Hana kyauta ga wadda ta durƙusa abin kunya ne da ya fi kunyar ɗan fari. Da ɗanta ya dawo kiwo suka yi shawara, aka ba mu Atiku a cikin tsumma.

Kashegari Ruƙayyatu ta sauke ƙwaryarta a ƙofar gida kamar kullum. Kubura ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ke mai nono, ɗana na kuka, ni kuwa na tsufa. Shiga ɗaki ki taimake ni." Ta tura ta ciki ta saki asabari. Ai ɗan Kubura ne, wace kunya kuma? Haka aka yi ta yi, da safe, da rana, da in za ta koma. Tsakani kuma kunun gyaɗa da garin kifi, cokali cokali, yana tofarwa tana mayarwa. Da zawo ya kama shi Kubura ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ta goya shi har asibiti. Wata rana na leƙa ɗakin, na ji Ruƙayyatu tana kiran sunansa a hankali, tana maimaitawa.

Yaro ya zauna, ya yi rarrafe, ya tashi yana ɓarar mata da man kitso. Bai taɓa kamo sa'o'insa a tsawo ba, wannan kam ya riga ya wuce, amma ya yi kumatu, ya yi ƙiriniya. Kubura yake kira Inna, a bayanta yake barci.

Da ya isa yaye, Inno ta zo da kanta, da ƙwaryar man shanu, tana ta kewaye-kewayen magana. Kubura ta sauƙaƙe mata. Ta ce riƙo ya ƙare, amma da sharaɗi: uwarsa ce za ta goya shi, ta ratsa kasuwa da shi. Inno ta kau da kai ta ce ita ba ta gani ba. Ruƙayyatu ta duƙa, Kubura ta ɗora mata shi, ta ɗaure zanen da hannunta. Yaron na miƙo hannu yana kiran Inna har suka sha kwana.

Kubura ta dawo ta zauna a kujerarta, ta ɗauki tsinken kitso. Na ce, "Yaya Kubura, ki bar aikin nan yau, ki huta."

"Kwance kanki ki zauna, Delu," in ji ta. "In hannuna ya tsaya yanzu, ɗakin can zan shiga, kuma ba kowa a ciki."