Ranar da Inji Na Uku Ya Wuni Babu Kowa

"Wai ita ce ta goge mini addu'ata jiya?"

"Wa kuma in ba ita ba? Ni hoton jikata na sa, ko minti ɗaya bai yi ba."

"Kai, matar nan! Gaisuwa ma laifi ce?"

"Rage murya, ga ta can bakin taga."

Ta ji su sarai, ba ta dai ɗago ba. Shekara ashirin da shida ta yi tana haɗa waya a wani babban otal, kuma a can ta samo sunan da ya biyo ta har ɗakin jiran masu wankin ƙoda: Anti Bar-Layi. Idan masu ɗaukar jakunkunan baƙi suka riƙe waya suna musun ƙwallo, sai ta kutsa ta ce, "Ku bar layi, wani na jira." Ta yi ritaya, otal ya jefar da allon wayoyin, suna ya zauna daram.

Shekara biyu ke nan da ƙodar maigidanta ta gaza. Inji huɗu ne a sashen wankin ƙodar asibitin, marasa lafiya sun haura arba'in. Kowa da ranarsa, amma ranar ba ta isar kowa. Idan wani ya fasa zuwa, injinsa kan zauna awa huɗu cur babu kowa a kai. Wannan ne ya ci mata rai har ta roƙi babbar nas, wadda kowa ke kira Sista, aka buɗe guruf a waya. Doka ɗaya tak: Sista ta rubuta "akwai gurbi", wanda ya fara amsawa cikin rabin awa, nasa ne. Ban da haka, ba a sa komai.

Anti ke riƙe da guruf ɗin, kuma ba ta wasa. Talla, barka da safiya, wa'azi, hoton jariri, duk ɗan yatsa ɗaya take sa musu ta goge. Mutum ɗaya ne ya fi ƙarfinta: Yaya, wan mijinta, mai gyaran agogo, wanda ya riƙe maigidan tun yana ƙarami. Shi ya ce a sa shi don ya riƙa jin halin da ƙaninsa ke ciki. Kullum da sassafe sai ya turo hoton fure mai ƙyalli. Ta kan kalli furen, ta cije leɓe, ta kau da kai. Ai ba a goge maganar Yaya. Sauran kuwa suka lura. In shi ya sa, su me zai hana su?

Ranar Laraba maigidan ya tashi ƙafafu a kumbure, ko silifa ba ya shiga, numfashi sama-sama. Ranarsa kuma sai Asabar. Tun safe waya na hannunta tana jiran gurbi. Wajen ƙarfe goma Yaya ya turo bidiyon wani mutum da ke rantsuwa wai akwai ganyen da ke wanke ƙoda cikin kwana bakwai. Daidai lokacin maigidan ya ce ta taimaka masa ya yi wanka. Kafin ta fito da shi, ta zaunar da shi, ta shafa masa mai, saƙo ɗari da arba'in ya taru. Masu cewa ƙarya ne, masu cewa kakarsu ta sha, masu tambayar inda ake sayarwa. Ta leƙa ƙarshen rigimar, ta ja tsaki, ta kife wayar.

Sai da yamma, tana bi tana sharewa ɗaya bayan ɗaya, ta ga saƙon Sista. Tsakanin hoton ganye da fuskar dariya: "Akwai gurbi. Inji na uku, ƙarfe ɗaya." Mutum arba'in da ɗoriya, babu wanda ya amsa. Ta juya ta dubi ƙafafun mijinta a kan matashi.

Shi ya kawo ta sashen yau Alhamis da safe, ta zauna bakin taga tana jin ana cin namanta.

Sista ta fito tana cire safar hannu. "Anti, ba ni da gurbi yau. In ya samu, zan rubuta. Amma ki ji ni da kyau: na gaji. Ina tsakiyar aiki, wayata na kuka kamar jariri, in duba in ga ganye. Na sake ganin fure ɗaya, na fita. Ku koma tsayuwa bakin ƙofa kuna tambaya kamar da."

 Anti ta saɓa jakarta, ta nufi wurin Yaya.

Shagon Yaya bai fi taku uku ba, bango cike da agoguna, kowane da lokacinsa. Yana sunkuye da gilashi a ido ɗaya.

"A'a, matar ƙanina! Kin ga bidiyon nan kuwa? Na ce ko za a gwada masa..."

"Na gani, Yaya. Kai ka ga na Sista?"

"Wane na Sista?"

Ta tura masa wayar ƙarƙashin fitilar aikinsa. Ya karanta, leɓensa na motsi.

"Ƙarfe ɗaya," in ji ta. "Inji ya wuni yana hutawa, ƙaninka na gida yana neman iska. Ganyenka ya binne shi. Kai da ke gyara wa mutane lokaci! Amma laifina ya fi naka. Na goge addu'ar tsohuwa, na goge hoton jikar wata, na bar naka don ina jin nauyinka. Wata takwas ina jin nauyinka."

"To ai alheri nake nufi..."

"Duk alheri suke nufi. Kowa da ya taɓa tare mini layi alheri yake nufi."

A gabansa ta danna sunansa, ta cire shi daga guruf ɗin. Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Ya zare gilashin daga ido, ya daɗe yana juya shi.

"Ni ban iya zuwa in gan shi da robobin nan a jiki ba," ya ce a hankali. "In na turo furen, sai in ji kamar na leƙa shi."

Fushinta bai sauka ba, muryarta ce kawai ta yi ƙasa. Ta duba guruf ɗin. Shiru, fes, layi a buɗe.

"Ƙaninka ba ya ma duba guruf ɗin, Yaya. Rufi yake kallo awa huɗu. Don Allah ranar Asabar ka rufe shagon nan, ka zo ka zauna kusa da shi. Ka taho da furanninka, ka nuna masa da hannunka."