Kukan Zif a Shiling

A sakandare malamin Latin ya sa mun haddace sunayen sautuka kamar karatun allo: clamor, ihun taro, fragor, rugugin abin da ya rushe, stridor, ƙarar ƙarfe in ya gogi ƙarfe, susurrus, raɗa ko motsin ganye. Shekara arba'in ina ɗauke da su ba wanda ya taya. Sai bayan na yi ritaya ƙanwata mai shagon jakunkuna a Kano ta aike ni sarin kaya Guangzhou ta ƙasar Sin, wai ni ne ɗan bokon gidan.

"Yaya, kada kyan fata ya ruɗe ka," in ji ta. "Ka ja zif ɗin kusa da kunne. In ya yi kukan gyare, bar musu kayansu. Sati biyu mata za su dawo min da shi, su kuma daina zuwa."

Ban gaya mata kunnuwana sun riga ni yin ritaya ba.

A kasuwar Shahe ban sha wuya ba. Kowa ihu yake, farashi kuma a kalkuleta ake nuna maka. Shiling ce ta tona ni, garin masana'antun jaka. Laoban, wato mai masana'antar, ya jera mana samfuri. Na ɗauki jaka, na kai kunne, na ja. Shiru. Na sake ja ina gyaɗa kai kamar mai sauraron hadda. Susurrus ne ko stridor? Na san rubutun kowanne, har jam'insa. Da wannan shagon ƙanwata ke ciyar da 'ya'yanta, ni kuwa ina shirin yi mata odar kaya da ka.

Wani Alhaji ɗan Maraɗi, wanda muka zo mota ɗaya, ya ajiye kofin shayinsa.

"Malam, sau nawa za ka ja? Goge kake koyo?"

"Alhaji, ba na ji ne."

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ran nan. Ya karɓi jakar, ya ja sau ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai zarto ne."

Laoban ya ce meiyou, wato babu wani samfurin. Alhaji ya miƙe yana neman takalminsa, sai ga wani samfurin ya fito daga ciki. Alhaji ya ja zif ɗinsa.

"Yauwa. Wannan raɗa yake."

"Susurrus," na ce.

"Me?"

"Ba komai, Alhaji."

A hanyar komawa na kira ƙanwata, na gaya mata da kunnen wa aka sayi kayanta, da dalili. Ta daɗe tana magana. Na ji kamar rabi.