Gorar da Ɗantani Ya Bari a Daji

Ɗantani mutumin unguwar Madabo ba shi da gashi a damtsensa na hagu. A nan yake gwada kaifin addarsa kullum bayan sallar asuba, ko da kuwa ranar ba shi da abin sara.

Sana'arsa gora ce. Shi ke kawo wa marinan Ƙofar Mata dogayen sandunan da suke motsa baba da su a cikin karofi. Da kaka ta yi sai ya kora jakinsa kudu, can dajin wajen Riruwai, shi da amininsa Ashafa. Ba sa ɗaukar kaya mai yawa. Da adda Ɗantani ke kafa musu bukka, ya tsaga gora ya yi gado nesa da ƙasa, ya yanke gaɓa guda ta zama moɗa. Gorar da ya sara kuma ba ya kwantar da ita. Jingine ta yake yi a jikin bishiya da ganyenta, har ruwan jikinta ya tsane, don kada ƙwaro ya ci.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, zazzaɓi ya kayar da Ashafa a dajin. Ya kama rigar abokinsa ya ce, "Ɗantani, kada ka binne ni inda ba a jin kiran salla. Ka kai ni gida."

Ɗantani ya ɗauki addarsa. Ya zaɓi gora biyu mafi ƙwari, ya saƙa tsakaninsu da ɓawon kalgo, ya kwantar da Ashafa a kai, ya ɗaura goshin a jikin jaki, shi ya ɗauki bayan.

Ashafa ya buɗe ido ya duba. "Kai, wannan ai makara ka haɗa mini."

"Gado ne, in ka yi shiru."

"Tun muna yara ba ka iya ƙarya ba."

Haka suka yi ta tafiya, kafaɗun Ɗantani suka saluɓe, bai sauke ba sai don salla. Ashafa ya ga badalar birninsu da idonsa. Ya sha kunun matarsa Turai, ya ji la'asar daga masallacin unguwarsu, sannan ya cika.

Ɗantani ya rayu shekaru bayan nan, yana gyaran shinge a cikin gari, amma bai sake fita kudu ba. Saran da suka yi a waccan tafiyar yana can jingine. In marina suka tare shi suka ce, "Baba, ina sandunanmu?" sai ya ce ba su gama bushewa ba tukuna.