Guɗa a zauren fiyano

Ina karatu a Alƙahira lokacin da na kama ɗaki a unguwar Hayyus Sabi'. A bene na sama akwai wata tsohuwa Bamisriya, makaɗiyar fiyano, kowa Ustaza yake ce mata. Ta kaɗa a manyan zaurukan Turai tun tana budurwa, ɗalibanta kuwa wasu har sun zama malamai. Ni ba ɗalibarta ba ce. Shayi ya haɗa mu, da tsokana, don ta ce Larabcina na littafi ne, kamar liman yana cinikin tumatir.

Ciwon gaɓoɓi ya kama mata yatsu, ta daɗe ba ta hau dandamali ba. A 2013 ta ce za ta koma. Idan hannun ya ƙi, khalas, magana ta ƙare, ta rufe fiyanon ke nan.

Ranar wasan na raka ta zauren da za ta kaɗa. Zauren cike, amma tsit, ko tari ba a yi. Ni a garinmu makaɗi ba ya kiɗa a bar shi shi kaɗai, sai an zuga shi. Na dai danne zuciyata.

Ta fara lafiya lau. Can sai ta ɗauke hannu, ta ajiye a cinya. Shirun ya yi tsawo. Na duba jama'a, kowa ya zuba mata ido, babu mai taimako. Raina ya ɓaci, tausayinta ya kama ni. Na miƙe na toshe hanci na rangaɗa guɗa, irin ta ranar buki.

Kawuna suka juyo, wani dattijo ya galla min harara. Na rama. Ustaza ta ɗaga hannu ta ci gaba, har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba.

A tasi ta yi ta min faɗa. "Ya binti, 'yata, shirun nan a rubuce yake cikin kiɗan. Tsakanin ɓangare da ɓangare ake yin sa, ba a ko tafi."

Na ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Ustaza. Amma ko gobe zan sake."

Ta kalli titi, tana murza yatsunta.

"Shirun da aka rubuta ya riga ya wuce kafin guɗarki," ta ce. "Sauran tsoro ne. Ina shirin tashi na ji ki."