Evaristo Paniagua, Malamin Bugu da Ya Hana Kaucewa

Haihuwa da Tasowa

An haifi Evaristo Paniagua ranar 9 ga Maris, 1938, a unguwar masu yankan rake da ke bayan garin San Pedro de Macorís. Mahaifinsa Nicanor lebura ne a gonar rake, mahaifiyarsa Eufemia kuwa tana sayar da soyayyar ayaba. Karatunsa bai wuce aji huɗu ba, domin tun yana ƙarami hankalinsa ya tafi ga dukan murfin kwalba da sandar tsintsiya.

Aiki

A 1957 ya shiga ƙungiyar ƙwararru ta wasan besbol, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, ya yi shekara shida yana bugu, har ƙwallo ta fasa masa idon dama, aka mayar da shi mai koyarwa. Aƙidarsa ita ce mai jifa yana hana a ci ka ne kurum, amma nasara a hannun mai sanda take. Yakan juya wa ɗalibi baya, ya saurari ƙarar bugun, ya faɗi aibinsa daidai. Laifi ɗaya ne ba ya yafewa, wato mutum ya ja da baya idan ƙwallo ta nufo jikinsa.

"Kai, rawa aka aiko ka?" yakan ce. "Dasa ƙafarka! Mai jifa tsoro yake nema a idonka, kada ka ba shi."

Aure da Iyali

A 1965 ya auri Casilda Mejía, suka haifi 'ya'ya huɗu, namiji ɗaya, Wilfrido, wanda ya fi kowa riƙe karatun uban. A watan Nuwamba na 1988, ana wasa da rana tsaka, ƙwallo ta nufo kan Wilfrido. Duk wanda ke wurin ya shaida cewa ya gan ta sarai, amma bai ɗaga ƙafa ba. Ta same shi ƙarƙashin kunne, ya rasu bayan kwana biyu yana da shekara ashirin da ɗaya.

Ƙarshen Rayuwa

Daga nan Evaristo bai ƙara koyar da kowa ba. Kullum da azahar sai ya tafi tsohon filin bayan injin rake da gwangwanin masara, yana jefa ƙwaya ɗaya-ɗaya inda babu kowa, yana ihu, "Kauce!" Masu wucewa sun ce akan ji ƙas kamar bugun sanda, sai ƙwayar ta dawo gaban ƙafarsa.

"Haba tsoho, ka bar yaron nan ya huta mana," in ji Casilda.

"Ba ya jin magana, Casilda. Ko daidai kansa na jefa, bugawa yake yi."

Haka ya yi shekara goma sha bakwai, cikin baƙin cikin da bai ɓoye wa kowa ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar 2 ga Yuni, 2006, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da takwas. Ya bar matarsa da 'ya'ya mata uku, Yudelka, Dilcia da Amarilis, da jikoki tara. An binne shi a can ƙarshen maƙabartar garin, nesa da kabarin ɗansa, bisa wasiyyar da ya bar wa matarsa.

"Muddin ya san ina kusa," ya ce mata, "ba zai taɓa kaucewa ba."